Garin da ya gina shato sau biyu: nazarin matsalar ruwa a kudancin Maraɗi

Garin da ƙasar da yake kai

Garin da ake magana a kansa yana cikin gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, ba nisa da iyakar Najeriya. Mutanensa manoman gero ne da dawa da wake da gujiya. Kasuwarsa tana ci sau ɗaya a mako, kuma akwai rugagen Fulani kewaye da shi. Ba a gaɓar gulbi yake ba. Yana kan tudu, tsakaninsa da fadama kamar kilomita 10.

Wanda zai fahimci matsalarsa sai ya fara sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mafi yawan jihar Maraɗi tana kan yashi mai kauri da ke riƙe ruwa, wani yanki na babban rumbun ruwan Iullemmeden da Nijar ke tarayya a kansa da Najeriya da Mali. Can arewa, wajen Dakoro, ruwan yana nan amma ya yi nisa, sai da raƙumi ko shanu ake jan wasaki. Nan kudu, bakin iyaka, abin ya sha bamban: dutse mai tauri ya taso kusa da sama, ruwa kuwa ba ya zama a cikinsa sai inda ya tsage. Wanda ya dace da tsaga ya samu kaɗan, wanda bai dace ba ya ƙone kuɗinsa. Ruwa na uku shi ne na kwarin Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jibiya, ya shigo Nijar ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya. Gulbin ba ya gudu sai da damana, amma yashin kwarinsa yana shanye ruwan ya ajiye shi kusa da sama duk shekara.

A kan haka sai a ɗora yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 3 da dubu 400 da 'yan kai a jihar Maraɗi, kuma yawan yana ƙaruwa da kusan kashi 3.7 cikin ɗari kowace shekara. Da wannan gudun, jama'a suna ninkawa cikin kimanin shekara 19. Ruwan sama kuwa yana nan yadda aka san shi, wata uku zuwa huɗu, kimanin milimita 500 a shekara a wannan yankin, wata shekarar ya ƙaru, wata ya gaza.

1973 zuwa 1990: rijiyar siminti da pampon ƙafa

Kafin farin 1973 garin yana sha daga rijiyoyin gargajiya da kuma tabkin da ke gabas da shi, wanda kan kai tsakiyar rani kafin ya ƙafe. Fari ya zo, rijiyoyin suka yi ƙasa. Masu yasa suka bi ruwan har suka tarar da dutse, diga ta ƙi shiga.

Maganin farko shi ne rijiyar siminti irin wadda OFEDES, ma'aikatar gwamnati mai haƙa rijiyoyi, ke ginawa a ƙauyukan Nijar a wancan zamanin. Ta yi amfani, don ba ta ruftawa, amma ita ma a kan dutsen nan ta tsaya. Da bazara sai mata su zura guga su jira ruwan ya tsattsafo. Farin 1984 ya maimaita abin da ya faru, har ma ya fi muni.

A shekarun 1980, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 zuwa 1990 don ruwan sha, furoje, wato aikin raya karkara na masu ba da tallafi, ya iso garin da motar haƙa furaj, wato rijiyar burtsatse. An haƙa wuri huɗu a cikin gari da gefensa. Biyu ba su ba da ko ɗigo ba, biyu suka ba da kaɗan, aka sa musu pampon ƙafa na Vergnet. Ma'aunin da ake aiki da shi a Nijar shi ne mashaya ɗaya ta zamani ga mutum 250, kowane mutum lita 20 a yini. Lissafin ba daga sama aka tsinto shi ba: mutum 250 sau lita 20 ya ba da lita 5,000, kuma kusan abin da pampon hannu ko na ƙafa ke iya fitarwa ke nan idan ana taka shi yawancin yini. Garin ya riga ya wuce mutum 1,000 da nisa. Pampo biyu da rijiya ɗaya sun ishi mutum 750 a takarda.

An kafa kwamiti, aka ce kowane gida ya riƙa ba da wani abu bayan kaka don gyara. Shekarar farko an bayar. Da pampo bai lalace ba, shekara ta biyu mutane suka ce to me aka yi da na bara. Ranar da ya lalace, babu kuɗi a asusu, kayan gyaran ma sai an je Maraɗi. Ɗaya ya mutu gaba ɗaya cikin 'yan shekaru, ɗayan aka yi ta lallaɓa shi.

1990: abin da ya faru a saman gulbi

A wajajen 1990 Najeriya ta kammala madatsar ruwan Jibiya a kan kogin Gada, wato saman Gulbin Maraɗi. A ranar 18 ga Yulin shekarar kuma ƙasashen biyu suka sa hannu, a nan birnin Maraɗi, kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai, wadda ta haɗa da wannan gulbin da Maggiya da Komadugu Yobe. Tun daga lokacin manoman fadama ke cewa gulbi ba ya malala yadda ya saba, ba ya kuma daɗewa a kwance.

Mutanen garin da ake nazari ba su ɗauki maganar da zafi ba, tunda su ba 'yan fadama ba ne. Amma duk bazarar da rijiyarsu ta gaza, amalanken shanu fadamar suke nufa da tuku da biduna.

2004 zuwa 2010: shato na farko

Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kawo magajin gari da kansiloli, kuma ruwa ne kukan farko da aka kai musu. Bayan shekara biyu wata ƙungiyar agaji ta amsa. Aka sake gwada haƙa a gefen gari, aka yi sa'ar tsaga mai ba da mita kubik 6 a awa, wato lita 6,000. Aka kafa shato na ƙarfe, wato tankin ruwa da ake ɗorawa sama, aka sa injin gazuwal, aka ja tiyo zuwa mashayu huɗu.

An auna aikin da ƙidayar 2001, wadda ta ba garin kimanin mutum 3,000. Mutum 3,000 sau lita 20 ya zama mita kubik 60 a yini, injin kuwa idan ya yi awa 10 yana fitar da 60 ɗin daidai. A takarda babu gyara. Sai dai ranar da aka buɗe pampo, ƙidayar ta riga ta shekara biyar, jama'a sun ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ba a sa dabbobi a lissafin ba, alhali saniya ɗaya da bazara takan sha lita 30 zuwa 40. Ba a sa ranar kasuwa ba. Ba a kuma yi tunanin cewa ƙauyukan kewaye, da suka ji gari ya yi shato, za su ɗauro jakuna su zo ba, kuma a ƙasar Hausa babu mai fuskar da zai kori wanda ya zo neman ruwa.

Kwamitin gari ne ke riƙe da aikin. Bido ɗaya dala biyu a kuɗin sefa, amma babu kontar, wato na'urar da ke ƙidaya ruwan da ya fita, don haka babu mai iya cewa nawa aka sayar, nawa aka kai asusu. Gidan mai gari da masallaci da lakwal ba sa biya. Mai biki yakan ɗiba bashi. Idan kaka ta yi muni, akan ari kuɗin asusu a sayi hatsi da niyyar mayarwa. Don a biya buƙatar da ta fi ƙarfin furaj sai aka ƙara wa injin awoyi, ruwan ya riƙa sauka ƙasa da bakin pampo, pampo ya riƙa zuƙar iska yana zafi. A bazara ta uku ya ƙone. An yi karo-karo, 'yan garin da ke kasuwanci a Maraɗi da Kano suka cika, aka sayo wani. Da injin gazuwal ɗin ya bi sahu, ba a iya tashinsa ba.

Masu shekaru a garin har yau suna ba da labarin wannan lokacin. Tun ƙarfe uku na dare biduna masu ruwan ɗorawa, irin na man girki, suke jeru a bakin tsohon pampon ƙafa, an zarge su da igiya ɗaya don kada wani ya tsallake layi. Wadda ba ta da bidon da za ta bari sai ta ajiye dutse ko tsohon kwano ya riƙe mata wuri. 'Yan mata ne ke gadi, kuma malaman lakwal sun san ba za su gan su ba sai hantsi ya dubi ludayi. 'Yan garuwa suna sayar da bidon fadama ninki uku zuwa biyar na kuɗin pampo.

2010 zuwa 2017: an gyara kuɗi, ruwa bai ƙaru ba

A ranar 1 ga Afrilun 2010 Nijar ta kafa dokar ruwa. Tsarin da ya biyo bayanta ya mayar da ƙaramar hukuma mai mallakar kayan ruwan karkara, ya ce ta ba ɗan kasuwa kwangilar gudanarwa, masu shan ruwa su kafa ƙungiyar da za ta sa masa ido, a kuma riƙa ware wani kaso na kuɗin kowane mita kubik a asusun sabunta kaya da faɗaɗa aiki. A 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi ikon sha'anin ruwa a hukumance, tare da ilimi da lafiya da muhalli.

Garin ya shiga wannan tsari. An gyara injin, an sa kontar a bakin furaj da kowace mashaya, kowa ya koma biya, har masallaci da lakwal, waɗanda ƙaramar hukuma ta ɗauke wa nauyi. An sha gardama. Dattawa suka ce ruwa na Allah ne, ba a sayar da shi. Aka amsa musu cewa ruwan kyauta ne, gazuwal da tiyo da albashin mai gadi ake biya, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Cikin shekara biyu asusu ya fara nauyi, injin kuma bai sake kwana wata guda a mace ba.

Layin biduna dai bai gushe ba. Furaj ɗin mita kubik 6 yake bayarwa a awa, ko an biya ko ba a biya ba. An gwada rarraba ruwa unguwa-unguwa, yau gabas gobe yamma, abin ya koma rigima. An gwada sabon furaj a cikin gari da kuɗin asusu, ya fito busasshe, kuɗin shekara biyu ya tafi. Wani attajiri ya haƙa nasa kusa da na gari, sai ya zamana tsaga ɗaya suke sha, idan ya tayar da nasa na gari ya ragu.

2018: shekarar da aka zauna aka ƙidaya

A watan Yulin 2018 amai da gudawa ya ɓarke a gundumar Madarunfa, ya bazu, dubban mutane suka kamu. Garin bai tsira ba. Ma'aikatan lafiya suka lura cewa gidajen da abin ya fi taɓawa su ne masu komawa tabki da rijiyar da ba ta da murfi idan layin pampo ya yi tsawo.

Bayan damana aka kira taro, kuma a karon farko ba a fara da neman furoje ba. Ma'aikatan ruwa na gunduma suka kawo shawarar a rubuta tsarin ruwa da tsafta na ƙaramar hukumar gaba ɗaya, irin wanda ake kira PLEA. Lokacin ya dace da haka, don a 2017 gwamnati ta amince da manyan tsare-tsare biyu na ƙasa: PROSEHA, mai hangen ruwan sha da tsafta har 2030, da PANGIRE, mai kula da raba albarkatun ruwa tsakanin masu sha da manoma da makiyaya. Masu ba da kuɗi sun fara tambayar ƙananan hukumomi ina tsarinsu kafin su saurare su.

Aka fara da mutane. Malaman lakwal da matasa suka bi gida-gida, suka sami kimanin mutum 5,500 a garin. Aka haɗa da ƙauyuka huɗu da ke zuwa ɗiban ruwa da rugagen da ke tsakani, jimla ta kai wajen 10,000. Sai aka tura lissafin gaba zuwa 2035, ya ba da kusan 18,500. A lita 20, buƙatar ranar taron mita kubik 200 ce, ta 2035 kuwa 370, kafin a sa dabbobi da kasuwa da abin da ke yoyo a hanya, waɗanda suka kai ta wajen 450. Furaj ɗin gari yana ba da 60. Da aka rubuta lambobin nan a allon lakwal, maganar sake haƙa a cikin gari ta mutu da kanta.

Sai aka koma ga ruwan. Ma'aikatan suka fito da takardun duk furaj ɗin da aka taɓa haƙawa a yankin tun shekarun 1980, busassu da masu ruwa, suka sa su a taswira. Takardun nan sun daɗe a ofis, babu wanda ya taɓa jera su wuri ɗaya. Iyakar dutsen ta fito sarai: busassun duk suna kan tudu, masu ruwa sosai suna gefen kwarin gulbi, a gonakin wani ƙauye da ba ya cikin huɗun nan.

A nan aikin ya tsaya wata da watanni. Mutanen ƙauyen suna da rijiyoyinsu da garakensu na zogale da albasa da tumatir, ba su da matsalar ruwa, kuma ba su ga dalilin da za a kafa inji a ƙasarsu a tura ruwa tudu ba. Tsoronsu a fili yake, kada rijiyoyin garake su yi ƙasa. An yi zama uku a ƙofar mai garinsu. Magajin gari, duk da muƙaminsa, a tabarma ya zauna, yana ce wa tsohon Baba, tsohon kuma yana mayar masa da ranka ya daɗe, amma bai sassauta ba. A zama na uku, gaban wakilin sarki, aka daidaita a kan cewa ƙauyen ne zai fara samun mashaya, a biya mai gonar da za a haƙa a cikinta a rubuce, sannan a zaɓi rijiyoyin garake biyu a riƙa auna su kowane wata a gaban masu su. Idan ruwan ya sauka ya wuce wani ma'auni da aka yarda da shi, a rage awoyin inji.

Kafin a ci gaba an kai ruwan gwaji ɗakin bincike. Babu wanda ya yi gardamar kuɗin wannan a jihar Maraɗi, saboda abin da ya faru a Tsibiri: furaj ɗin da aka buɗe a can a 1985 yana da sinadarin fuloraid fiye da kima, ninkin ba ninkin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, kuma sai da yara masu yawa suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe kafin a gane. Ruwan wannan kwarin ya fito lafiya.

2019 zuwa 2022: shato na biyu

Da tsarin a hannu aka sami mai ba da kuɗi, ƙaramar hukuma ta zuba nata kason daga asusu. Aka haƙa furaj biyu a gefen kwari, kowanne yana ba da kusan mita kubik 20 a awa. Aka sa musu faifan hasken rana, tare da injin gazuwal na ko-ta-kwana. Rana tana ba da kamar awa 6 na aiki sosai, wato mita kubik 240 daga furaj biyun, abin da ya rufe buƙatar farko ba tare da an ƙona gazuwal ba. Sabon shato aka kafa shi a kan tudu mafi tsayi don ruwan ya gangara wa ƙauyukan da kansa, tsohon kuma aka bar shi yana ciyar da kasuwa da kwamin dabbobi.

An yi jayayya a kan kaurin babban tiyo. Ɗan kwangila ya nuna cewa siriri ya ishi jama'ar yanzu kuma ya fi araha. Aka tsaya a kan mai kauri, na jama'ar 2035, don pampo da faifan rana ana iya ƙara su duk ranar da aka so, amma tone kilomita 10 a sake binne tiyo aiki ne da ba a son yi sau biyu. Tun ran gini ran zane. Kuɗin da ya ƙaru aka rage shi daga yawan mashayu, aka kuma sayi filin furaj na uku aka kewaye shi, ba a haƙa ba.

Farashi ya tsaya a dala biyu bidon lita 20, wato dala ɗari mita kubik. Idan aka sayar da 200 a yini, jaka ɗari ke shiga, wato sefa dubu ɗari. Da damana cinikin yakan faɗi, don mutane suna komawa ruwan sama da rijiyoyi, saboda haka da cinikin shekara aka yi lissafin asusu, ba da na bazara ba.

Kowane farkon wata ma'aikacin ɗan kwangila yana zuwa da zare mai awo a naɗe a faifai. Ya zura shi cikin furaj, idan bakinsa ya taɓa ruwa sai ya yi ƙara, ya karanta mita da santimita, sakataren ƙungiyar masu shan ruwa ya rubuta a littafi. Daga nan su wuce rijiyoyin garaken nan biyu, mai garka yana tsaye yana kallo.

2019 zuwa 2024: gwaje-gwajen da ba a tsara ba

Tun 2019 rikicin 'yan bindiga a Zamfara da Sakkwato da Katsina ya riƙa koro mutane zuwa gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa. Wasu sun sauka wurin danginsu a ƙauyukan nan. Aka ƙara wa injin gazuwal awa biyu, aka ƙara mashaya ɗaya, tiyo ya ɗauka.

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda wani babban kaso na ta Maraɗi ke biyowa ta layin Katsina zuwa Gazawa. Wuraren da pamponsu ya dogara da wutar layi sun ji jiki. Nan rana ta ci gaba da aikinta, sai dai kayan gyara sun yi tsada da aka rufe iyaka.

A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Sabon shugaban ya tarar da tsari a rubuce, da kwangila, da asusun da ba a taɓa shi sai da hannu fiye da ɗaya. A ƙarshen Agustan shekarar aka yi ambaliyar da ta yi wa Maraɗi ɓarna mai yawa. Ruwa ya kwashe ƙasar da ke kan babban tiyo a wani kwazazzabo, ya karya shi. Da kuɗin asusu aka gyara cikin mako guda, aka zuba siminti a mashigar.

Hukunci

Abin da ya kashe ayyukan farko bai zama rashin kuɗi ko rashin niyya ba. Rijiyar siminti da pampon ƙafa da shato na farko duk an auna su da jama'ar da ta riga ta wuce, a jihar da mutane ke ninkawa cikin shekara 19. Kuma duk an nemi ruwan a cikin iyakar gari, saboda furoje na gari ne, alhali dutsen da ke ƙasa bai san iyakar gari ba. Gyaran 2010 ya cancanci yabo, don ba don shi ba da babu asusun da ya biya kason ƙaramar hukuma, ya kuma ɗinke tiyo a 2024. Amma shekara bakwai da aka yi ana biyan kuɗi daidai ana kuma kwana a layi sun nuna iyakarsa.

Abin da ya yi aiki shi ne ƙidayar 2018, tare da yarda a haɗa kai da maƙwabta a je inda ruwan yake. A ganina zaman ƙofar mai garin nan ya fi faifan rana muhimmanci, ko da yake faifan ne baƙi ke ɗauka hoto. Ba don an ba masu garake hanyar ganin ma'aunin da idonsu ba, da rigimar farko ta rufe furaj.

Akwai wurin da aikin ya gaza. Kashi mafi talauci na gidaje har yanzu suna komawa tabki da damana, don dala biyu sau biyar a yini kuɗi ne ga wanda rumbunsa ya ƙare, kuma mutumin ƙauye yana biyan mita kubik da tsada fiye da mai pampo a gida a birni. Ƙari a kan haka, lita 20 ma'aunin mai ɗauka a kai ne. Gidajen da aka ja wa tiyo har tsakar gida suna shan fiye da haka, kuma masu neman a ja musu kullum ƙaruwa suke, don haka furaj na uku zai zo kafin lokacin da aka sa masa.

Babban abin da ya rage kuwa ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Littafin awo ya nuna ruwan kwari yana sauka da bazara, yana dawowa bayan damana, amma kwarin nan ba nasu kaɗai ba ne. Daga shi gandun noman rani na Jiratawa ke sha tun farkon shekarun 1980, a kansa birnin Maraɗi ke zaune yana faɗaɗa, ƙananan injunan ban ruwa kuma suna ƙaruwa a garake kowace shekara. A samansa ga madatsar Jibiya a wata ƙasa. Jama'ar jihar na 2012, a lita 20 kawai, suna buƙatar mita kubik 68,000 a yini, kuma kafin tsakiyar shekarun 2030 lambar za ta ninka, ban da noma da kiwo. Lissafin da garin nan ya yi wa mutum 10,000 shi ne ya kamata a yi wa kwarin gaba ɗaya, daga bakin iyaka zuwa Gidan Rumji: a tara awon rijiyoyi wuri guda, a san masu ɗiba da abin da suke ɗiba, a tayar da maganar sakin ruwan Jibiya a ƙarƙashin yarjejeniyar 1990 da lambobi a hannu. Ƙungiyar masu shan ruwan garin ta fara aika kwafin littafinta ofishin gunduma duk wata uku, kuma ta nemi a sa sake ƙidayar gidaje a kasafin ƙaramar hukuma kafin a yanke ranar haƙa furaj na uku.